Gwaggo Mai Tura Amalanken Rana

Unguwarmu ba a kawo mata wutar lantarki ba har yau. An dai kafa turaku shekarun baya, tsuntsaye suna ta sa albarka, amma waya ba ta iso ba. Shi ya sa ranar da Yaya ya shigo gida da farantan sola guda huɗu, har maƙwabta sai da suka ɗora haɓa a kan katanga suna kallo.

Wanda ya zo haɗa mana, Injiniya ake ce masa, kodayake shi ya raɗa wa kansa sunan. Ya jingina tsani, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kwanon rufinmu, kwanon ya yi wani nishi irin na tsoho zai tashi daga tabarma. Saukowar da ya yi ta fi hawan sauri.

Ya ce wa Yaya, "Maigida, rufin nan ko zakara ba zai ɗauka ba. Ga kuma benen maƙwabcinku yana shanye muku rana. Da safe tana wajen rijiya, da tsaka tana tsakar gida, da yamma sai bakin ƙofa."

"To yaya ke nan?"

"Ko dai mai walda ya ƙera muku dogayen ƙafafun ƙarfe a kusurwar can, inda inuwa ba ta kaiwa, ko kuma ku riƙa bin ranar duk inda ta je."

Idon Yaya ya sauka a kan tsohon amalanken da muke ɗebo ruwa da shi a da. Ya yi murmushin mutumin da ya gano abin da turawa suka kasa ganowa. Kafin yamma an kafe farantan huɗu a kan katako, an ɗaure katakon a kan amalanke, an jona masa doguwar waya kamar jelar ɓera.

Aka raba wuta. Ɗakin Yaya da matarsa, wadda muke kira Anti, ya samu ƙwan lantarki da fanka. Falo ya samu. Ɗakin girki ya samu. Nawa ɗakin ya samu. Har banɗaki sai da aka rataya masa ƙwai. Da aka nufi ɗakin ƙarshe, na Gwaggo, yayar mahaifinmu, sai waya ta ƙare, taku uku kafin ƙofarta. Injiniya ya naɗe bakin wayar da baƙin salatif, ya rataye a ƙusa.

"Mako mai zuwa, Gwaggo," in ji Yaya. "Fanka har da ƙwai. Ki sa a ranki an gama."

Ta ɗaga kai ta dubi wayar. "Allah ya nuna mana."

Ɗakin nan nata shi ne ya fi kowane ɗaki zafi a gidan. Rufinsa a ƙasa yake, tagarsa ɗaya, ita ma bangon bene take kallo. In ka shiga da rana sai ka ji kamar an kifa maka tukunya.

Washegari aka tashi da tambayar da ba wanda ya yi jiya: wa zai tura amalanken? Yaya yana da shago a kasuwa. Ni ina facin taya a bakin titi. Anti ta ce ita rana tana saukar mata da ciwon kai na ɓari ɗaya. Dukanmu muka juya muka kalli Gwaggo, tana zaune tana tsince shinkafa.

Yaya ya durƙusa kusa da ita. "Gwaggo, kin san likita ya ce ki riƙa motsa jiki."

"Wane likitan?"

"Duk likitoci haka suke cewa. Sau biyu ne kawai a rana. Ki tura nan, ki tura can. Kamar yawon shan iska."

"Babba, a ranar ne iskar take?" in ji ta, don haka take kiransa.

Muka yi dariya, ita ma ta yi. Ta ajiye faifan, ta gyara ɗaurin zane, ta kama amalanken. Ƙafarsa ta hagu tana da wani kuka, ƙiiii, kamar ana jan kunnen ɗan akuya.

Sau biyun nan ba su kai mako biyu ba. Anti ta sa aka kawo firiza, za ta fara sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Daga ranar akwatin da ke juya wutar, wanda ake kira inbata, ya koyi tsiwa. Da inuwa ta taɓa gefen faranti, sai ya fara ƙit, ƙit, ƙit. Aka kira Injiniya. Ya zagaya amalanken hannu a baya, ya ce firiza ba ta san wasa ba, sai an riƙa matsawa duk bayan awa ɗaya, a kuma riƙa juya fuskar farantan su kalli rana ido da ido.

Anti ta ce, "Ai Gwaggo ta iya. Hannunta ya faɗa."

Tun daga nan gidanmu ya samu sabuwar waƙa. Inbata ya ce ƙit, sai ka ji murya daga ƙarƙashin fanka: "Gwaggo, rana." Sai ka ji ƙiiii.

Tun tana komawa ɗaki tsakanin turi da turi, har ta ga wahalar tashi da zama ta fi, ta ɗauko kujerarta ta zauna gefen amalanken. Kujerar ma ba ta tsira ba. Wata rana Yaya ya dawo cin abinci, ya duba lambobin da ke jikin inbata, ya fito da sauri.

"Gwaggo, inuwar kanki tana kan faranti na biyu."

"To in cire kan in ajiye a ɗaki?"

"A'a, ki dai koma ta bayansa."

Bayansa babu komai sai siminti mai zafi. Ta samo wata tsohuwar lema, ƙarfe biyu sun karye, ta buɗe. Ba a yi awa ba Anti ta leƙo ta taga.

"Gwaggo, lemar nan tana cin mana wuta. Ƙanƙara ta fara sakin jiki."

"'Yar nan, ni ma na fara sakin jiki."

"Ai ku mutanen da, fatarku ba irin tamu ba ce. Kun saba."

Lema ta koma bayan ƙofa. Aka ƙara mata da tsumma da bokiti, don tsuntsayen da ke kan turakun wuta sun gano farantan, kuma ba su da kunya. Aka ƙara mata da sanda saboda kajin maƙwabta, waɗanda ke ganin kansu a gilashi su tsaya neman faɗa.

Ranar da wata ya cika, ta tare Yaya zai fita, ta nuna masa ƙusa.

"Babba, makon nan naka bai zo ba ne?"

"Injiniya ya yi tafiya, Gwaggo."

Bayan kwana goma ta sake tambaya. Ya ce wayar da ke kasuwa yanzu duk jabu ce, ba zai sa wa uwarsa jabu ba, gara a jira mai kyau. A karo na uku Anti ce ta amsa masa. Ta ce ita ta ji an ce fanka tana sa wa tsofaffi sanyin ƙashi, kuma hasken ƙwai yana rage gani. Wato don lafiyarta ake yi.

Gwaggo ta ce, "Ashe gata ake min. Allah ya saka."

Kafin wani lokaci maƙwabta suka fara kawo wayoyinsu na hannu caji. Sukan jeru a baranda suna hira, kowa ido a kan tasa. Su ma suka ɗauki waƙar. Mai askin unguwarmu, wanda ko gaisuwar kirki ba ta taɓa haɗa shi da ita ba, sai ka ji ya ce, "Gwaggo, rana, tawa saura kaɗan ta cika." Wani baƙo da ya shigo sayen ƙanƙara ya gan ta tana tura amalanken zuwa bakin ƙofa, ya tsaya ya tambaye ta nawa take sayar da guda ɗaya.

Ta ce, "Duka zan ba ka, har da mai turawa."

Aka kwashe da dariya. Kullum da dariya ake ƙarewa, shi ya sa ba wanda ya ga abin da ke faruwa. Fuskarta ta yi duhu kamar gindin tukunya. Ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga, ta koma ɗaure su da tsumma don siminti. In ta shigo inuwa sai ta tsaya tana lalube, ta ce koraye-koraye take gani. Abinci ta rage, ruwa kawai, shi ma na randa, don na firiza na sayarwa ne. In rana ta faɗi ta shiga ɗakin nan da ya wuni yana tara zafi, ta jiƙa zane ta lulluɓa.

Ba zan wanke kaina ba. Wata rana na dawo da wuri, ina kwance fanka tana kaɗa ni, sai ta fara rage gudu. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. "Gwaggo, rana." Na ji ƙiiii. Sai da kukan ƙafar ya tsaya na ji kunya ta rufe ni, amma ban tashi ba.

Ranar hutuna na ce mata ta zauna, yau ni zan tura. Ta zauna a baranda tana ba ni umarni.

"Auta, ba haka ba. Ɗaga hannun dama, ƙafar hagu tana ja. Kauce wa ramin nan. Ka taka waya. Yanzu dubi inuwar bakin bokiti, in ta taɓa tsagin simintin can, lokaci ya yi."

Ba ta da agogo, amma ba ta taɓa bari inbata ya yi ƙit sau uku ba. Ni kuwa kafin tsakar rana na tuntsurar da bokiti, na kusa karya faranti, kaina yana sara kamar ana daka a ciki. Na tuna wai akwai wanda na yi wa alkawarin faci, na sulale.

Da yamma na samu Yaya a falo, ya miƙe ƙafa yana kallon talabijin.

"Yaya, aikin nan ya fi ƙarfin Gwaggo. A kira mai walda mana."

Bai ɗauke ido daga talabijin ba. "Ta ce maka ta gaji?"

"Ba ta ce ba."

"To ka gani. Tsoho in ba shi da abin yi, tunani ke kashe shi. Da zaune take tana ƙirga kaji. Yanzu ita ce shugabar wutar gidan nan gaba ɗaya. Muƙami ne."

Anti ta ce daga ɗakin girki, "Kuma ta fi kowa ƙoshin lafiya. Ni da nake cikin inuwa kullum ina shan magani."

Na juya na fita.

Abin ya faru ne wata ranar da ko kaji sun ƙi fitowa. Na dawo cin abincin rana, Yaya ma yana nan, mutum uku suna jiran caji a baranda ta ɓangaren da ba a ganin tsakar gida. Inbata ya ce ƙit. Anti ta ce, "Gwaggo, rana." Shiru. Ya sake cewa ƙit. Yaya ya ɗaga murya, "Gwaggo, rana." Mai aski ya taya shi. Fanka ta fara juyi a hankali har ana iya ƙirga fukafukanta.

Anti ta ɗaga labule ta leƙa. "Ga ta can ta kwanta a kan faranti. Gwaggo, wurin kwanciya ne nan? Kin rufe guda biyu."

Na fita a guje. Ta kife a kan gilashin, tsumma a hannunta, idanu a rufe, jikinta ya fi gilashin zafi, kuma babu ɗigon gumi ko ɗaya. Na ɗago ta, ba nauyi. Yaya ya zo ya kama ƙafafun. Muna ɗauke ta, na ga ya waiwaya ya duba ko gilashin ya tsage. Na gani da idona.

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar jinyar, wata doguwa mai tabarau, ta kwance tsumman ƙafafun, ta dube su, ta dube mu.

"A gona take aiki?"

Yaya ya ce, "A'a, a gida take. Hutawa take yi."

"Wace irin hutawa ce take ƙona tafin ƙafa?"

"Tana ɗan taimaka mana da harkar sola."

"A kan rufi?"

"A ƙasa. Motsa jiki ne."

Matar ta sauke tabaranta ta kalle shi har sai da ya fara gyara hular da ba ta karkace ba. Ta ce za a riƙe ta kwana biyar, kuma in ta koma gida, inuwa, ruwa, da ɗaki mai iska. Ta maimaita mai iska sau biyu. Yaya ya ce ai dama an kusa.

Gwaggo ta buɗe ido da yamma. Abin da ta fara cewa shi ne, "An matsa da shi bakin ƙofa?"

A gida kuwa aka shiga uku. Ranar farko Anti ta tura sau biyu, ta ɗaure kai da ɗankwali ta kwanta tana salati. Ƙanƙara ta zama ruwa, ruwa ya zama shayi. Rana ta biyu Yaya ya rufe shago ya ce zai nuna mana yadda ake yi. Ya fito da lemar Gwaggo, da tawul, da gorar ruwan sanyi. Ƙafar hagu ta ja shi cikin rami, amalanken ya taka masa ɗan yatsa, ya yi ta tsalle da ƙafa ɗaya yana zagin wanda ya gina bene. Mai aski, da ya ga wayarsa ba ta motsa ba, ya ce, "Maigida, rana." Yaya ya kore shi har titi.

Rana ta uku da sassafe mai walda ya iso. Kafin rana ta huɗu ta faɗi, farantan suna can sama a kusurwa, kan dogayen ƙafafun ƙarfe, rana tana dukansu daga fitowarta har faɗuwarta. Yini ɗaya da rabi aikin ya ci. Gwaggo ta yi wata huɗu.

Injiniya ma ya dawo daga tafiyar tasa, ya zo da sababbin batura manya guda huɗu. Ina wajen faci aka yi sauran aikin. Da na dawo na ga ƙusar nan babu komai a kanta, waya ta wuce ta shige ɗakin Gwaggo. Na ji daɗi har na sayo mata sabon silifas.

Ni na ɗauko ta daga asibiti. Tun a hanya nake mata albishir. Ta ce in bari sai ta gani. Muka shigo tana dafe da kafaɗata, ta ɗaga kai ta kalli farantan a sama, ta daɗe tana kallo.

"Ashe suna iya tsayuwa da ƙafarsu."

Muka wuce. A baranda na ga gadonta, an jingina katifar da bango, akwatinta a ƙarƙashi, an kewaye da labule. Na tura ƙofar ɗakin. Ƙwai yana ci, fari tas. An fasa sabuwar taga babba. Fanka sabuwa tana juyi, ta sunkuyar da kai tana fifita batura huɗu da aka jera a kan katako, daidai inda gadon yake a da.

Yaya ya taho yana ɗingishi. "Sannu da dawowa, Gwaggo. Kin ga, Injiniya ya ce batir ba ya son zafi ko kaɗan. In ya sha zafi, kwanansa ya ƙare. Kuma falo ba wuri. Baranda kuwa iskar Allah ce, ta fi ta fanka lafiya."

Anti ta ce, "Na ɗan lokaci ne. Mako mai zuwa za a san abin yi."

Gwaggo ta saki kafaɗata, ta taka a hankali zuwa baranda, ta jawo tabarmarta da matashi. Ta shiga ɗakin, ta shimfiɗa a gefen batir na huɗu, ta kwanta, ta gyara matashi, iska tana kaɗa bakin ɗankwalinta.

"Gwaggo, me ke nan?" in ji Yaya.

"Ni ce batir na biyar. Wata huɗu ina shan rana, duk cikinsu ba wanda ya kai ni caji. Ja min ƙofar."

Yaya ya dubi Anti, Anti ta dubi silin. Ni dai na ɗauko katifar na shigar, na dawo na ɗauko akwatin, ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda ya kama min. Ina fitowa na tarar Yaya ya koma gefen rijiya da waya a kunne, ya rage murya.

"Injiniya, tambaya ce. In mutum yana kwana ɗaki ɗaya da batura, akwai matsala?"

Na tsaya, zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce ashe dai akwai sauran tausayi.

Ya saurara, ya girgiza kai. "A'a, ba ita ba. Baturan nake nufi. Numfashinta ba zai taɓa su ba?"

Ban san amsar da aka ba shi ba, amma ba a fitar da ita ba. Tana nan a ɗakin har yau, ƙafafun sun saɓe, ganin dai bai dawo duka ba. Kullum da safe Yaya yakan ƙwanƙwasa, ya shiga da tsumma mai laushi, ya goge baturan ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa su da bayan hannu ya ji ko sun yi ɗumi. In fankar ta karkata wajen katifa, ya mayar da ita wajensu. Yana fita, Gwaggo ta miƙa sandarta ta juyo da ita.

In baƙi sun zo, har ɗakin yake kai su. Ya nuna taga, ya nuna fanka, ya nuna ƙwai, ya ce, "Kun ga inda na ajiye gwaggona."

Su kuma su ce Allah ya yi masa albarka, irinsa sun yi ƙaranci a wannan zamani.